Miyar Lalo Kafin Arba'in

Damanhur, farkon Satumba

Aikin farko yau: karɓo burodi kafin layi ya yi tsawo. Na karɓo.

Abla Ihsan, yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kin isa Ta'izz lafiya, kin tarar da makarantarki da ɗalibanki yadda kika bar su. Ki gaida mini maigidanki. Mu nan da sauƙi. Tarin Hazim ya tafi. Ni ma lafiyata ƙalau, na koma ofis.

Tun da kika tafi gidan ya yi shiru. Maƙwabta sun yi ta aiko da abinci a makon farko, yanzu saura Umm Sa'id ta bene na biyu, ita ma ba kullum ba. Surukata Hajja Zakiyya ta koma ƙauye, amma duk Alhamis tana zuwa da kwandon gurasar sadaka, mu tafi kabarin 'yarta Afaf tare. Kina nan aka yi maganar yara. Riƙonsu nata ne in ta so, uwar uwa ce, babu alƙalin da zai hana ta. Ta bar mini su saboda makaranta, ta ce mu gani zuwa arba'in. Wannan "mu gani" ɗin nake ta juyawa a raina.

Abin da ya sa na rubuto, Rihab ba ta cin abinci. Hazim ba ruwansa, a shekara biyar ko me aka ba shi zai tura. Ita kuwa sai ta zauna tana mulmula burodi ƙanana ƙanana, tana jerawa a bakin faranti, har a tashi. Siket ɗinta na makaranta ya daina zama a ƙugu, sai da na sa masa fil. Alhamis da ta wuce Hajja ta kama tsintsiyar hannunta, ta zagaye da yatsa biyu, ta ɗago ta dube ni. Da ta yi faɗa da ya fi mini.

Kin san iyakar iyawata: shayi da dafaffen ƙwai. Waken safe daga mai kura nake saye. Na gwada shinkafa, Hazim ya tambaye ni ko siminti ce ta gyaran banɗaki. Na sake gwadawa, ta ƙone ta ƙasa, sama kuma ba ta nuna ba. Ban san inda nake kuskure ba, ga shi ina bin komai a hankali.

Don Allah ki rubuto mini abincin dare mai sauƙi wanda yara ke so, da wani abu mai zaƙi. Ki rubuta da awo, da kofin shayi. Kada ki ce mini "ɗan kaɗan" ko "yadda ya kamata". Ni ban san yadda ya kamata ba.

Ƙaninki,
Fikri

*

Ta'izz, tsakiyar Satumba

Fikri ƙanena,

Wa alaikumus salam. Mun isa lafiya, sai ƙafata da ta kumbura a hanya, ta saɓe yanzu. Allah Ya ji ƙan Afaf, Ya ba ka haƙuri. Na yi kuka a kan wasiƙarka, na kuma yi dariyar siminti. Ka sumbatar mini yaron nan marar kunya.

Ɗauko biro, na san yana bayan kunnenka.

Shinkafa. Ka wanke ta sai ruwan ya fita fes. Ka soya 'yar taliya siririya a man shanu cokali ɗaya har ta yi kalar dabino, ka zuba shinkafa kofi biyu, ruwa kofi uku, gishiri ƙaramin cokali. In ta tafasa ka rage wutar risho, ka rufe, ka fita daga kicin ɗin. Matsalarka ke nan, na sani ko ban gani ba: buɗewa kake yi kana dubawa kamar fayil. Shinkafa ba ta son a sa mata ido.

Miyar adas, ƙananan waken nan masu saurin narkewa. Jan adas kofi ɗaya, albasa ɗaya, tumatir ɗaya, karas ɗaya, ruwa kofi biyar. Ka dafa su lugub, ka murje a rariya, ka sa gishiri da garin kamun don ƙanshi, ka matsa lemon tsami. Ka gasa burodin jiya ya yi ƙaras, ka ba yara su farfasa a ciki da hannunsu. Yaro yana cin abin da ya sa wa hannu.

Tiren dankali. Yanka dankali fale-fale, da albasa, da tumatir. Ɗan nama a ƙasa in akwai, in babu ba laifi. Ruwan tumatir kofi biyu a kai. Ka kai gidan burodin kan kwana su gasa maka, ka ce wa mai tanda na Abla Ihsan ne, kada ya ƙona gefen.

Makaroni kuwa ko Hazim zai iya: tafasa, tace, jefa cikin soyayyen tumatir da albasa.

Ka tambayi mai zaƙi. Shinkafa da madara ita ce mai sauƙi. Rabin kofin shinkafa a dafa ta narke a ruwa, madara kofi biyar, sukari rabin kofi, a yi ta juyawa ba a barin wajen, a zuba a ƙananan kwanuka, a barbaɗa kirfa. Na rubuta maka ita don gaba, ba don yanzu ba. Yanzu ka ba su ayaba da dabino.

Rihab kuma kada ka tsare ta da ido lokacin ci. Ka zauna kusa da ita, ka yi mata hira, ka lallaɓa ka ji abin da ranta ke so ka ba ta. Hajja Zakiyya ba muguwa ba ce, 'yarta ta rasa. Ka riƙa tararta a ƙasan bene kana karɓar kwandon.

Yayarka,
Ihsan

*

Damanhur, Satumba

Abla Ihsan,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar? Ki riƙa ɗora ta a kan matashi. Mu lafiya lau.

Na bi awonki ɗaya bayan ɗaya. Shinkafa ta yi. Na fita daga kicin kamar yadda kika ce, na tsaya a bakin ƙofa hannuna a aljihu. Tiren dankali Hazim ya lashe har gefe, ya ce daga yau ni ne mai tanda. Adas ma ta yi, sai dai ina jin na cika kamun.

Rihab ta ɗan kurɓi adas ɗin. Makaroni ta juya shi kawai. Fil ɗin siket na ƙara matsar da shi. Ranar Alhamis Hajja ta zo da Shaukat, wan Afaf, wanda bai saba rako ta ba. Ya shiga ɗakin yara ya tsaya yana kallon gadonsu da akwatinsu, kamar mai auna ko za su shiga mota. Wataƙila ni ne nake ganin abin da babu.

Amma akwai labari mai daɗi. Na yi yadda kika ce, na zauna kusa da ita ina ɓare mata ayaba, ban dube ta ba. Can sai ta ce, a hankali, "Baba, mulukiyar Mama nake so." Miyar lalon nan da Afaf ke yi da romon kaza. Ta ce ta san yadda ake yi, don ita ke tsinke mata ganyen. Tun rasuwar wannan ne karo na farko da ta nemi wani abu da bakinta.

Na nemo wuƙar yanka lalon nan mai hannu biyu a bayan tukwane, na wasa ta. Jiya na biya wajen Umm Ragab mai kayan miya na tambayi yawan lalon da zai ishe mu. Ta dubi baƙin ƙyallen makokin da ke wuyana, ta tambaye ni wa za a dafa wa. Na ce yarana. Sai ta ce dankalinta ya fi kyau yau, ta hau zuba mini dankali. Na ce lalo na tambaya. Ta ce, "Ustaz Fikri, ba ka da wata babba a gida ne?" Na ce yayata tana Yaman. Ta koma gyara tumatir. Ina jin raina girkina ta yi. Akwai wasu masu sayarwa.

Ga shawarar da na yanke. Zan yi miyar ranar Alhamis ta sama, da rana, daidai isowar Hajja, ta shigo ta tarar da jikarta tana ci da kanta. Zan yi shinkafa da madarar ma. Na san kin ce don gaba, kina ganin ban kai nan ba tukuna, amma juyawa ce kawai, kuma haƙurin juyawa ina da shi. In kin samu mai zuwa ki aiko mini da awon tafarnuwa. In bai iso ba zan bi na Rihab.

Ban san dalili ba, tun da na yanke shawarar nake jin kamar na manta wani abu. Na duba komai, ban ga abin da na manta ba.

Fikri

*

Ta'izz, ranar da wasiƙarka ta iso

Fikri,

Lafiyata ƙalau, bar maganar ƙafa. Ina rubutu a tsaye, wani malami zai tashi zuwa Alƙahira gobe, shi zan ba.

Kada ka dafa lalon nan. Kada ka yi shinkafa da madara. Ba raina ka na yi ba, ɗan uwana, laifina ne da ban faɗa maka dalla-dalla ba. Na manta kana aikin soja lokacin da Mama ta rasu, ba ka ga kicin ɗinmu a makoki ba.

Gidan da aka yi rashi ba a dafa mulukiya, ba a naɗe shinkafa a ganye, ba a yin kayan zaƙi. Abincin farin ciki ne. Mu mutanen gari muna bari sai an yi arba'in. Mutanen Hajja Zakiyya shekara suke cikawa. Ba a littafi yake ba, babu limamin da zai faɗa maka, mata ne suka san shi, kuma da shi suke auna wanda ya damu da wanda bai damu ba. Tafarnuwar miyar nan in ta faɗa a mai, har kan titi ake ji. Abin da Umm Ragab ke gaya maka ke nan.

Ka ce wa Rihab Gwaggo Ihsan ta yi alkawari, in na zo hutu ni da ita za mu yi, tukunya guda. Yanzu ka yi mata romon kazar kawai da shinkafa. In ka riga ka sayi ganyen ka bayar, kada ma ya kwana a gidan.

Allah Ya sa wannan ta riga Alhamis.

Ihsan

*

Damanhur, ƙarshen Satumba

Abla,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, babu mai ciwo.

Wasiƙarki ta zo jiya Asabar. Malamin ya tsaya wajen danginsa kafin ya aiko. Ba laifinsa ba ne, bai san abin da ke ciki ba.

Zan faɗa miki yadda aka yi, a jere.

Na ɗauki izini a ofis. Shinkafa da madara na fara yi, ta yi kauri daidai, na jera kwanukan a taga su huce. Rihab ta zauna a ƙasa tana tsinke ganye, tana koya wa Hazim, tana ce masa hannunsa kamar na biri. Na dafa kaza. Na yanka ganyen ya yi laushi, ta duba ta ce saura, na ƙara. Muka daka tafarnuwa da busasshiyar kusbara ta ƙanshi, na soya a man shanu. Da zan juye a tukunya ta riƙe mini riga, ta ce Mama tana jan numfashi da ƙarfi lokacin juyewa, in ba a ja ba miyar ba ta haɗuwa. Na ce wannan zancen mata ne. Ta ce to kar na yi mana, mu gani. Sai na ja. Hazim ya ce kamar akuya ta haɗiyi ƙashi. Abla, suka yi dariya. Rihab har da riƙe ciki. Ni ma na yi.

Na bar ƙofa a buɗe saboda hayaƙi. Na ji Umm Sa'id ta rufo tata a ƙasa, ban kawo komai a raina ba. Na kuma manta ban sauka tarar Hajja ba.

Rihab ta cinye faranti, ta miƙo a ƙara. Tana cikin na biyu, haɓarta duk kore, na ɗaga kai na ga Hajja a bakin ƙofa da kwandonta a ka, Shaukat a bayanta. Na tashi da murna. Wallahi da murna na tashi.

Ta sauke kwandon da kanta. Ta dubi tukunya, ta dubi taga. Ta ce, "Tun daga ƙasan bene nake jin ƙanshin girkin 'yata. Na ɗauka hankalina ne ya taɓu." Ta daɗe tana numfashi, hawan benen ya gajiyar da ita. Sannan ta ce, "Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, Fikri."

Shaukat ya ce ashe biki ake ba a gayyace su ba, ko amaryar tana ciki ne ya shiga ya gaishe ta. Ban gane ba, na rantse miki ban gane ba. Na ce, "Ya Hajja, dubi, tana ci." Ta duba. Rihab ta ajiye cokalin.

Suka wanke wa yara baki, suka tafi da su maƙabarta. Da na ɗauko takalmina Shaukat ya ce in zauna in ci abincina kar ya huce. Shi kaɗai ya dawo da su da yamma. Daga bakin ƙofa ya ce bayan sadakar arba'in maza za su zauna a ƙauye, in zo. Umm Sa'id ce ta fahimtar da ni washegari, a kan bene, ba ta ko dube ni ba. Ta ce duk gidan an ji dariyar.

Na tambayi liman bayan Juma'a, ya ce babu komai a addini. Na gode masa. Amma ba shi ne zai zauna a ƙauye ba.

Ban zubar da miyar ba. Na ɗaga tukunyar zan zubar, na kasa. Rihab ta tambaye ni ko ita ta jawo, na ce a'a, ni ne babba. Na ɗumama mata, ta ci, ƙofa a rufe. Ta sha madarar ma. Yau da safe ta nemi ƙarin burodi. Ban san ko daidai na yi ba. In na daina ta koma mulmula burodi, in na ci gaba kin san sauran. Duk ta inda na lissafa, wuri ɗaya nake fitowa.

Ki yi mana addu'a.

Fikri

*

Damanhur, Oktoba

Abla Ihsan,

Assalamu alaikum. Ban ji daga gare ki ba, na san hanya ce. Yara lafiya. Rihab ta ɗan ciko, na cire fil ɗin.

An yi arba'in. An yi sauka, an raba nama, sannan maza suka zauna a tsakar gidan Hajja. Ban yi musu da kowa ba. Na faɗi abin da ya faru, na ce ban sani ba. Wani kawun Afaf ya ce rashin sanin ma abin dubawa ne. Shaukat ya so ya ƙara magana, Hajja ta ɗaga masa hannu daga inda take zaune.

Na je na durƙusa na sumbaci kanta. Ta ce ta daina fushi, ta san ba mugunta ba ce. Ta ce amma gidan da babu macen da za ta ce a bari, ba gidan da za a bar yarinya ta girma ba ne. Ranar Juma'a Shaukat zai zo da mota. An riga an yi musu magana a makarantar ƙauyen. Ni zan riƙa zuwa duk ƙarshen mako, ba wanda zai hana ni.

Na ce mata Rihab abu ɗaya ne ya buɗe mata ciki, don Allah ko a ɓoye a riƙa yi mata. Ta ce ba a tukunyarta ba, sai shekara ta zagayo. Ta ce yunwa ba ta taɓa kashe kowa a gidanta ba.

Na je wajen wani lauya, ya saurare ni, ya ce in kai ƙara in ina so in ɓata da su a banza. Ba zan kai ba.

Yaran na gaya musu jiya. Hazim ya tambaya ko akwai jaki a can. Rihab ta tashi ta wanke kwanuka, abin da ban taɓa sa ta ba.

Abin da ya rage na gobe:

A karɓo takardunsu daga makaranta.
A kai takalmin Hazim ɗinki.
A wanke kayan sanyi, ƙauye ya fi nan sanyi.
Akwatin Afaf babba, makullinsa ya ɓace, a nemo igiya.
Maganin tari, ko da zai dawo.
A rubuta wa Hajja cewa Hazim ba ya iya barci sai da fitila.
A mayar wa Umm Sa'id farantanta.
A tambayi Rihab abin da za a dafa ranar Alhamis. Ko me ta ce.
Ki aiko mini da wani awon. Duk wanda kika koya mini na mutum uku ne.

Ƙaninki,
Fikri